Ranar da mutanen Alƙahira suka ƙwace makarar Ummu Kulsum

Hukuma ta riga ta gama tsara komai. Ranar Laraba 5 ga Fabrairun 1975 za a sallaci mamaciyar a masallacin Umar Makram da ke bakin dandalin Tahrir, inda aka saba sallatar manyan ƙasar Masar. Daga nan wasu zaɓaɓɓun mutane za su ɗauki makara su ɗan taka da ita, ministoci da baƙin ƙasashen waje na biye, sai a sa ta a mota a wuce maƙabarta. Abin da aka rubuta a takarda ke nan, kuma ba a yi nisa ba ya wargaje. Jama'ar da ta cika dandalin da titunan da suka ɓulle masa ta ture shingen 'yan sanda, ta karɓe makarar daga kafaɗun waɗanda aka ɗora wa aikin, ta nausa da ita cikin gari. Sa'a uku gawar Ummu Kulsum tana tafiya a bisa hannuwan mutanen da ba su taɓa haɗa ido da ita ba, wannan ya ɗan taɓa ya sakar wa wancan, babu wani jami'i da ya isa ya ce ga inda za a nufa.

Adadin da aka fi yaɗawa shi ne mutum miliyan huɗu suka fito, wasu kuma su ce miliyan biyu. Babu wanda ya ƙirga, kuma lissafin taro irin wannan kullum yana da ƙari. Amma ko ƙaramin adadin aka ɗauka, a tuna cewa al'ummar Masar gaba ɗaya ba ta cika miliyan 40 ba a lokacin. Hotunan ranar sun nuna mutane a kan bishiyoyi da turakun fitila da barandar benaye, maza da jallabiyar ƙauye, ma'aikata da kwat, mata cikin baƙaƙen kaya. Taron da ake iya gwada shi da shi a tarihin birnin kafin nan guda ne, jana'izar Shugaba Jamal Abdul Nasir a ranar 1 ga Oktoban 1970, inda nan ma jama'a suka rinjayi sojoji har sai da aka janye shugabannin ƙasashen da suka zo rakiya. Shi Nasir shugaban ƙasa ne mai sojoji da gidan rediyo da jam'iyya. Ita kuwa mawaƙiya ce, 'yar limamin wani ƙauye, wadda ta shekara biyu ba ta hau dandamali ba kafin ta rasu.

Wanda yake son ya gane yadda aka yi haka, sai ya koma baya shekara arba'in, ya fara da daren Alhamis.

An buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a 1934, kuma Ummu Kulsum na cikin waɗanda suka yi waƙa a ranar buɗewar. Ba a jima ba ta kafa wata al'ada da ta riƙe har ƙarshen aikinta: a lokacin wasanninta na shekara, duk Alhamis ta farkon wata za ta yi wasa a gaban jama'a, rediyo kuma ya watsa shi kai tsaye. Tikitin shiga zauren sai mai hali, amma sauti kyauta ne. Tun da rana ake shiri. A gidaje a gama abinci da wuri, a gayyato maƙwabtan da ba su da akwatin rediyo, a tanadi shayi da gahawa. Masu gidajen shayi su ƙara kujeru a bakin titi. Tsofaffin mazauna Alƙahira sun sha ba da labarin yadda tituna ke yin fayau a irin wannan dare, kuma haka abin yake a Bagadaza da Dimashƙ da Bairut da Tunis da Kazablanka. Da ƙananan rediyo masu batir suka yawaita a shekarun 1950 da 1960, sai muryar ta kai har rugar makiyayi da bukkar manomin da ba shi da lantarki.

Wasan kansa ba na mai gaggawa ba ne. Akan fara wajen ƙarfe goma na dare, a tashi biyu ko uku na asuba, kuma a duk tsawon daren waƙa biyu ko uku kawai za ta yi. Makaɗa su fara shimfiɗa, masu goge da mai udu da mai kanun da mai sarewa, ita tana zaune a kujera a gabansu tana jira. In ta miƙe sai zaure ya ɗauki tafi tun ba ta buɗe baki ba. Za ta tsaya can nesa da na'urar ɗaukar magana saboda ƙarfin muryarta, da doguwar riga har ƙasa da ɗankwalin siliki a hannu wanda take murɗewa in waƙa ta yi zafi.

A nan ne abin da ya bambanta ta yake. Waƙar da aka tsara ta ɗauki minti ashirin ko talatin takan kai sa'a guda ko fiye, domin baiti ɗaya za ta kama ta yi ta juya shi. Ta faɗe shi yadda aka tsara, sannan ta sake faɗa da wani lanƙwasa, ta ja wani harafi, ta tsaya inda ba a zata ba, ta sauya muryar da aka ɗora shi a kai ta dawo. Masu sauraro ba shiru suke yi ba. Suna ta kiran sunan Allah, suna yi mata kirari, wani ya miƙe tsaye ya roƙe ta ta maimaita. In zaure ya nace, za ta ɗan waiwaya ga makaɗa su koma baya a sake. In ta ji baitin bai kama mutane ba, ta wuce. Larabawa suna kiran wannan shauƙi da ke kama mai waƙa da mai sauraro lokaci guda da suna ɗarab, kuma ba ya samuwa sai da ɓangarorin biyu. Shi ya sa har yau masana waƙoƙinta ba sa tsayawa ga ambaton sunan waƙa, sai sun haɗa da daren da aka yi ta, saboda ta watan Maris ba ta zama ɗaya da ta watan Mayu ba.

Jama'ar da ta saba shekara da shekaru ita ke yanke tsawon waƙa, ba abin mamaki ba ne ta ga ita ya kamata ta yanke tsawon rakiya. Mutanen da suka cika Tahrir ran nan ba baƙin juna ba ne kamar yadda za a zata. Sun daɗe suna taruwa wata-wata, kowa a gidansa ko a gidan shayin unguwarsu, sai dai ba su taɓa ganin yawan kansu a fili ɗaya ba. Wani abin da kalanda ta zo da shi kuma, washegarin jana'izar, 6 ga wata, ita ce Alhamis ta farkon Fabrairu.

Asalinta ma ya taimaka. An haife ta a ƙauyen Tamay az-Zahayra da ke lardin Dakahliyya, cikin ƙasar noma ta bakin kogin Nilu. Marubuta tarihinta sun rabu kan shekarar, wasu 1898 wasu 1904. Mahaifinta Shehu Ibrahim limamin masallacin ƙauyen ne, yana kuma ƙara abin masarufi da rera ƙasidun bege a wuraren biki da mauludi. Yarinyar ta yi makarantar allo, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma riƙa kwaikwayon abin da uban ke koya wa yayanta Khalid. Da ya ji ƙarfin muryarta sai ya fara tafiya da ita wuraren wasa, amma yana sa mata kayan maza da rawanin Larabawan daji, don kada a ce liman yana yawo da 'yarsa tana waƙa a gaban maza. Haka suka riƙa zaga ƙauyuka, wani zubin a ƙasa, wani zubin a jirgin ƙasa, har sunanta ya kai kunnen mawaƙan birni irin su Shehu Abul Ila Muhammad, wanda ya zama malaminta.

Ta koma Alƙahira wajen 1923. Mutanen birni sun yaba muryar, suka yi dariyar shigar da ƙauyancin. Cikin 'yan shekaru ta sauya duka biyun. A 1926 ta ajiye 'yan amshin gidansu ta ɗauki ƙwararrun makaɗa, ta koyi shigar matan manya, mawaƙi Ahmad Rami ya riƙa karantar da ita adabi yana kuma rubuta mata waƙoƙi, fiye da ɗari a tsawon zamansu. Ba ta daɗe ba ta sha gaban Munira al-Mahdiyya, wadda ke riƙe da kambun a lokacin. Ta fito a finafinai shida tsakanin 1936 da 1947, sannan ta bar harkar. Ita da kanta take cinikin kwangilolinta da kamfanonin faifai da gidan rediyo, kuma waɗanda suka zauna da ita a teburin ciniki sun shaida ba ta da sauƙi. Ta shugabanci ƙungiyar mawaƙan ƙasar na tsawon shekaru, a zamanin da ake yi wa mace mai waƙa kallon 'yar gidan giya.

Abin da ba ta taɓa yarwa ba shi ne lafazin makarantar allo. Kowane harafi yana fita daga mafitarsa, ko da ƙasidar ta tsohon Larabci ce mai tsauri, har manomin da bai taɓa riƙe littafi ba ya haddace baitocin manyan mawaƙa daga bakinta. Baturiyar Amurka Virginia Danielson, wadda ta yi shekaru tana bincike a Masar ta kuma fitar da littafi a kanta a 1997, ta tarar da cewa in aka tambayi talakawa dalilin fifikonta, amsar da suka fi bayarwa ita ce ta iya karatun Alƙur'ani, kuma daga gidan malamai ta fito. A shekarun 1940 ta rera ƙasidun yabon Annabi na Ahmad Shauƙi, ciki har da Nahjul Burda, wadda ya gina a kan Burdar Imam Busiri da almajiran ƙasar Hausa suka sani sarai. Daga baya ta rera fassarar waƙen Muhammad Iƙbal na Pakistan. Don haka dattijon da zai ji kunyar a same shi yana sauraren waƙar soyayya yana da hanyar shiga, in ya shiga kuwa ya zauna har ta soyayyar.

Da siyasa kuma ta san takunta. Ta yi wa Sarki Faruk waƙa, ya ba ta lambar girma a 1944. Da sojoji suka kifar da shi a 1952 an ɗan dakatar da sa waƙoƙinta a rediyo a matsayin 'yar tsohon zamani, sai Nasir, wanda masoyinta ne tun yana ƙaramin hafsa, ya sa aka janye matakin. Daga nan tafiyarsu ta zo ɗaya. Gidan rediyon Sautul Arab da aka kafa a 1953 yana kai jawabansa da waƙoƙinta ko'ina a ƙasashen Larabawa. Wata waƙa da ta yi lokacin yaƙin Suwez na 1956 ita ta zama taken ƙasar Masar daga 1960 har 1979. A Fabrairun 1964 ta yi Inta Umri, karo na farko da ta yarda ta rera kiɗan babban abokin gasarta Muhammad Abdul Wahab, kiɗan da ya shigo da jita mai lantarki cikin makaɗanta, ya jawo mata matasan da suka fara yi mata kallon ta iyayensu. Shekara biyu bayan haka ta yi Al-Atlal da kiɗan Riyad as-Sunbaɗi, wadda da yawa ke ɗauka ita ce ƙololuwar aikinta.

Sai yaƙin Yunin 1967, wanda Isra'ila ta ragargaza sojojin Masar cikin kwana shida ta kama yankin Sina'i. Ƙasa ta shiga wani irin ƙunci. Ba a rasa masu zargi ba: wasu 'yan boko sun ce ai dararen Alhamis ɗin nan ne suka sa Larabawa barci, ana ta kukan soyayya har asuba alhali abokin gaba yana shiri. Zargin ya yi tsauri, don ba mawaƙiya ce ta bar jiragen yaƙi a fili aka ƙone su ba. Amsar da ta bayar ita ce ta ba da gwala-gwalanta, ta kuma fita yawon tara wa baitulmali kuɗi, tana da shekara sittin da ɗoriya. Ta zaga lardunan Masar. A Nuwamban 1967 ta yi wasa dare biyu a zauren Olympia na birnin Paris, inda Larabawa mazauna Turai suka yi tururuwa daga ƙasashe daban-daban. Ta je Maroko da Kuwait da Tunisiya da Labanan da Libiya da Abu Dhabi, ana tarbarta kamar shugabar ƙasa, da fasfon jakadanci a hannunta, kuɗin da aka samu kuma ya tafi asusun gwamnati. A Disamban 1968 ta sauka Sudan, ta ce tana son ta rera waƙar ɗan ƙasar, abin da ya kai ga zaɓen ƙasidar malamin makaranta Alhadi Adam, wadda ta rera a 1971. Tana birnin Mosko a Satumban 1970 labarin rasuwar Nasir ya iske ta, ta soke wasan ta komo gida.

Jiki kuwa ya daɗe yana ba ta wahala. Ciwon maƙoshi da ya taɓa idanunta shi ya sa ta riƙa sa baƙin tabarau, wanda daga baya ya zama alamarta. A ƙarshe ƙoda ce ta kayar da ita. Wasanta na ƙarshe shi ne na 4 ga Janairun 1973 a gidan sinimar Kasrun Nil. Ta nemi magani a Turai da Amurka, ba a dace ba. A ƙarshen Janairun 1975 ciwon ya tashi gadan-gadan, aka kai ta asibitin sojoji na Ma'adi. Jaridu suka riƙa buga halin da take ciki kullum a shafin farko, mutane suka yi dafifi a ƙofar asibitin da ƙofar gidanta na unguwar Zamalik suna jiran labari. Ran Litinin 3 ga Fabrairu ta cika. Rediyo ya katse shirye-shirye ya sa karatun Alƙur'ani, girmamawar da aka saba yi wa shugabannin ƙasa. Kusan makonni shida kafin nan Larabawa suka yi rashin wani babban mawaƙi, Farid al-Aɗrash, don haka zukata ba su gama hucewa ba.

Bahaushe zai tsaya a kan kwana biyun da ke tsakanin rasuwa da jana'iza. A ƙasar Hausa wanda ya rasu da safe da wuya ya kai la'asar ba a kai shi makwancinsa ba, komai girmansa, shi ya sa taron masoya a nan ya fi yawa a zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai. Ko Alhaji Mamman Shata, da ya rasu a Kano a Yunin 1999 aka kai shi Daura, akasarin masoyansa a rediyo suka ji labari. A Masar ma sunna ita ce a gaggauta, amma an jinkirta ta Ummu Kulsum don wakilan ƙasashen waje su samu isowa. Jinkirin da aka yi domin manya shi ya ba talakawa dama. Cikin kwana biyun nan mutanen ƙauyuka da garuruwan lardi suka cika jiragen ƙasa da motoci suka kwararo birni.

Da makarar ta kuɓuce wa hukuma, ba yawon banza aka yi da ita ba. Sannu a hankali taron ya karkata gabas, ya bar unguwannin zamani masu faffaɗan titi da Turawa suka tsara, ya nufi tsohon gari, zuwa masallacin Sayyidina Husaini. Duk ɗalibin da ya yi karatu a Azhar ya san wurin, don masallatan biyu suna kallon juna, ga kasuwar Khan al-Khalili a gefe. Tafiyar ba ta wuce kilomita uku zuwa huɗu ba daga Tahrir, abin da mai ƙafa zai yi cikin ƙasa da sa'a guda. Masarawa sun yi imani kan jikan Annabi yana binne a wannan masallaci, nan talaka ke kai kukansa, nan ake cika a mauludi da dararen azumi, kuma mutane sun san marigayiyar tana ƙaunar wurin. Masallacin Umar Makram na ministoci ne da janar-janar. Jama'a sun ga cewa 'yar liman ta fi dacewa da Husaini.

A can aka sake yi mata salla. Sannan limamin masallacin ya yi abin da 'yan sanda suka kasa. Ya tuna wa mutane cewa wannan baiwar Allah mai addini ce, da za a tambaye ta da ta ce a gaggauta kai ta kabarinta kamar yadda shari'a ta tanada. Maganar ta shiga. Suka saki makarar, aka sa ta a mota, aka kai ta maƙabartar da ke kusa da hubbaren Imam Shafi'i a kudancin birnin, inda ta riga ta gina wa iyalinta wuri. Abin lura ne cewa hujjar da ta kwance taron ita ce dai wadda ta sa suka ƙaunace ta tun farko, wato tarbiyyar gidan malamai. Da sanda aka sa, Allah kaɗai ya san rayukan da za a rasa a wannan matsi.

Akwai masu cewa ba ita kaɗai aka yi wa kuka ran nan ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. A 1975 Anwar Sadat ne ke mulki, ya fara buɗe kasuwa ga 'yan jari hujja yana juya wa tsarin Nasir baya, farashi yana hawa, mafarkin haɗin kan Larabawa yana dusashewa. Mutumin da ya yi samartakarsa yana jin jawabin Nasir da rana, waƙar Ummu Kulsum da dare, ya binne na farko a 1970, ga shi yana binne ta biyu. Shekara biyu bayan haka, a Maris ɗin 1977, Abdul Halim Hafiz ya rasu a Landan yana da shekara 47, Alƙahira ta sake cika, har aka ruwaito wasu 'yan mata sun faɗo daga benaye don baƙin ciki. Daga shi ba a sake ganin mawaƙin da ya tara irin wannan jama'a a birnin ba. Kaset ya riga ya shigo, kowa yana iya jin abin da yake so a lokacin da ya ga dama, ba sai ƙasa gaba ɗaya ta zauna a dare ɗaya tana jin abu ɗaya ba.

Abin da ya biyo bayan makoki bai yi daidai da girman rakiyar ba, aƙalla a ɓangaren hukuma. Ba ta haihu ba, ko da yake ta auri likita Hasan al-Hifnawi a 1954. Gidanta na bakin Nilu a Zamalik, wanda kowa ya zaci za a mayar gidan tarihi, magada suka sayar, aka rushe shi, aka gina dogon bene da otal mai ɗauke da sunanta a wurin. Gwamnatin da ta ci moriyar muryarta shekara ashirin tana kallo. Sai a ƙarshen 2001, shekara 26 bayan rasuwarta, aka buɗe mata ɗan ƙaramin gidan tarihi a harabar fadar Manastirli da ke tsibirin Rauda, kusa da tsohon ma'aunin ruwan Nilu. A ciki akwai rigunan wasanta, da tabarau, da ɗankwalayen, da lambobin girma, da fasfon nan na jakadanci, da takardun waƙoƙi da rubutun hannun mawallafansu.

Masoya ba su jira hukuma ba. Direban tasi a Alƙahira yana sa ta da daddare, mai gidan shayi yana sa ta, gidajen rediyo da talabijin suna ware mata lokaci kullum. A titin Rashid na Bagadaza akwai gidan shayi mai sunanta da ya shahara da sa faya-fayanta, kuma irinsa suna nan a birane da dama. A 1999 gidan talabijin na Masar ya nuna wasan kwaikwayo mai dogon zango kan rayuwarta, 'yar wasa Sabirin ta fito a matsayinta, aka sake zama gaban akwati gida-gida, yaran da aka haifa bayan rasuwarta suka fara neman kaset ɗinta. Kowace shekara ran 3 ga Fabrairu jaridu da gidajen rediyo suna tunawa da ita, wasu kuma su kai ziyara kabarin su yi mata addu'a. Masarawa ba sa ma wahalar da kansu da ambaton sunanta: in aka ce as-Sitt, wato Uwargida, an san wadda ake nufi.

Wani abin da ya biyo baya kuma shi ne dawo da ita dandamali da na'ura. A farkon 2019 a garin Al-Ula na Saudiyya, sannan a Maris ɗin 2020 a babban zauren wasanni na Opera da ke Alƙahira, an haska surarta da hasken kwamfuta tana tsaye da riga da ɗankwali, makaɗa na gaske suna kiɗa a bayanta, muryar kuma daga tsofaffin faya-fayai. An cika zaurukan, kuma da yawan waɗanda suka sayi tikiti ba a haife su ba a 1975. Sun yi tafi, sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, wasu sun yi hawaye. Sai dai an gajarta waƙoƙin don su dace da haƙurin mutanen yanzu, kuma tsawon kowane baiti an riga an ƙayyade shi a cikin na'ura tun kafin a buɗe ƙofa, ko zaure ya nemi a maimaita ko bai nema ba.